Daga Ƙafa Biyu Zuwa Huɗu: Yadda Kamfanonin Asiya Suka Raba Titunan Tamale

A shekarar 2023 ƙasar Sin ta ƙwace kambun fitar da motoci zuwa waje daga hannun Japan, inda ta tura kusan miliyan 5, Japan kuwa ta tsaya a wajen miliyan 4.4. A wannan shekarar ce kuma kamfanonin cikin gida irin su BYD, Geely da Chery suka cinye fiye da rabin kasuwar ƙananan motoci a Sin, har Mitsubishi ta tattara nata ya nata ta daina ƙera mota a can. A Tailan, inda motocin Japan suka daɗe suna riƙe da kusan tara cikin goma na kasuwa, rabonsu ya sauko ƙasa da kashi 80 cikin ɗari. Indiya ma ta wuce Japan a yawan cinikin sababbin motoci tun 2022.

Wannan guguwa ta iso Tamale da ke arewacin Gana, sai dai ta ƙasa ta biyo. Ta fara da ƙafa biyu, ta koma uku, kuma har yanzu tana kokawar hawa ta huɗu.

Tamale gari ne shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu gangare, unguwanni kuma a warwatse, daga Lamashegu zuwa Kalpohin da Sagnarigu. Shi ya sa tun da can keke ne abin hawan talaka, kuma Phoenix ɗan Sin ya yi zamaninsa. Babur na Yamaha ko Honda kuwa sai malamin gona ko ma'aikacin gwamnati. Abin da ya sauya lissafi ya faru ne a Sin: manyan birane sun yi ta hana babura hawa titi, Guangzhou ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 2007, masana'antu suka rasa masu saye a gida, suka juyo Afirka da farashin da Japan ba za ta iya karyawa ba. Haojue, Luojia da Apsonic suka cika shaguna, wasu ta tashar jiragen ruwa ta Tema, wasu ta kasuwar Sinkase da ke kan iyakar Togo. Daga baya Boxer na kamfanin Bajaj ya shigo daga Indiya da sunan ƙarko da ƙarancin shan mai. Yau malamar asibiti, 'yar kasuwar Aboabo da ɗalibar jami'a duk kowacce na tuƙa nata, abin da baƙo daga Kano ko Sakkwato kan tsaya ya kalla da mamaki.

A ƙafa uku aka yi rabon da ya fi ban sha'awa. Kaya na Sin, fasinja na Indiya. Motorking, keken ɗaukar kaya, shi ya maye gurbin amalanke da kuran jaki: doya, masara, gawayi, 'ya'yan kaɗanya, bulo, a ƙauyukan da babu motar asibiti har da mace mai naƙuda. Fasinja kuwa tun wajen 2015 suka koma yalo-yalo, wato a-daidaita-sahun Bajaj da TVS. Direbobin tasi ne suka ji a jikinsu. Tsofaffin Opel, Tico da Kia da suka sha jigila tsakanin tsakiyar gari da unguwanni sun ragu ainun, domin keken ya fi araha, yana kutsawa lungu, kuma ba ya daɗewa bai cika ba. Dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja don kuɗi a babur da keke mai ƙafa uku, amma a arewa ta zama takarda kawai, har batun halasta sana'ar ya shiga yaƙin neman zaɓe a 2020 da 2024.

To me ya sa mota ta ƙi bin sahu? Har gobe Toyota ce sarauniya: Corolla ga ma'aikaci, Hilux da Land Cruiser ga ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da suka yi sansani a Tamale. Hyundai da Kia na Koriya ta Kudu na biye. Dalili na farko shi ne yawancin masu mota a Gana ba sabuwa suke saye ba, ta hannu ce. Kuma tun da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a watan Agustan 1974, motar da aka yi wa titin Tokyo ba ta dace da ita ba. Saboda haka Corollar da ke yawo a unguwar Sakasaka galibi daga gwanjon Amurka ko Kanada ta fito, wata ma bayan ta yi haɗari aka gyara. Ma'ana, abin da ake gani a titi yau zaɓin Ba'amurke ne na shekara takwas ko goma da suka wuce, ba na mutumin Shanghai na bana ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi: kayan gyara. Tsakanin Tema da Tamale akwai fiye da kilomita 600. Mai Toyota ya san in wani abu ya lalace, bakanike zai samo shi a gari, ko ya sa a ɗoro daga Suame a Kumasi kafin gari ya waye. Ya kuma san ranar da buƙata ta taso, dillali zai karɓe ta ba ja-in-ja. Mota a nan ajiya ce kamar sa a turke. Baburan Sin sun ci kasuwa ne saboda kayan gyaransu sun zo tare da su. Motocin Sin ba su kai nan ba tukuna.

Gwamnati ta gwada juya akalar. Bayan manufar ƙera motoci ta 2019, Volkswagen ta fara harhaɗawa a 2020, Toyota ta buɗe a Tema a 2021, Nissan a 2022, Kia a 2023. An yi doka a 2020 ta hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka haura shekara 10, dillalai suka yi ca, aka jingine ta. Duk masana'antun nan a kudu suke, kuma sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Sai ga 2022: dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 a hannun 'yan canji, kuɗin fito ya bi ta, mutane da dama da ke tarin kuɗin mota suka haƙura da babur.

Ribar wannan sauyi a fili take. Samari sun sami abin yi, manomi ya rage asarar amfanin gona, sufuri ya yi sauƙi. Hasarar ma ba ɓoyayya ba ce: hular kwano ba ta karɓu ba, yara marasa lasisi na tuƙa fasinja, Asibitin Koyarwa na Tamale na karɓar masu karaya da raunin kai. Uwar riba kuma tana komawa Pune ta Indiya da Chongqing ta Sin. Namu shi ne balas da ladan gyara.

Sin ta buɗe ƙofar fitar da motocin hannu a 2019, kuma sitiyarinsu na hagu ne, daidai da titin Gana. Wannan ce barazana ta gaskiya ga Toyota, ba motar lantarki ba. A ganina, kamfanin da ya fara ajiye rumbun kayan gyara a Tamale, ya horar da makanikan garin, shi zai gaji kasuwar arewa; kafin nan Corolla ba ta da abokin karawa.