Ko Ka San Ayu Ba Ya Gama Famfara?

Ko ka san akwai dabbar da ke famfara tun daga yaye har ranar da za ta mutu? Ayu ke nan, ƙaton naman ruwan nan da yawancinmu sunansa kawai muke ji a bakin masu magani. Mu 'yan Adam sau ɗaya ake yi mana wannan alfarma. Haƙoran nono 20 su zube, na girma 32 su maye gurbinsu, shi ke nan. Wanda ya karye ya karye, wanda ya ruɓe sai dai a cire a bar giɓi. Shi kuwa ayu, komai tsufansa, akwai sabon haƙori da ke tsirowa a can ƙuryar muƙamuƙinsa.

Babban ayu ba shi da haƙoran gaba, ba shi da fiƙa. Turame kawai gare shi, jere huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kowane jere da kamar shida ko bakwai. Namu sabon haƙori daga ƙarƙashin tsohon yake ɓullowa ya ture shi. Nasa daga baya yake fitowa, sai jeren gaba ɗaya ya riƙa matsawa zuwa gaban baki, kimanin milimita 1 a wata. Kafin turmi ya iso gaba ya sha tauna ya cinye, saiwarsa ta narke, sai ya faɗi cikin ruwa, na bayansa ya matso. Duk wanda ya taɓa ajiye jarka a layin famfon unguwa da bazara ya san tsarin: ta gaba ta cika a ɗauke, sauran su matsa, wata sabuwa ta sauka a baya. Sai dai shi wannan layin ba ya watsewa.

To, ta yaya haƙori mai saiwa zai yi tafiya a cikin ƙashi? Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ƙashin da ke gaban kowace saiwa yana narkewa kaɗan kaɗan, wanda ke bayanta kuma yana ginuwa, saboda haka haƙorin yana tafiya amma bai taɓa yin girgiɗi a hanya ba. Taunar ce ma ke tura shi. Ɗan ayu da ke shan nono jerensa a tsaye yake, sai ya fara cin ciyawa sannan tafiyar ta kankama. Wani masani mai suna Daryl Domning na Jami'ar Howard da ke Amurka, shi da abokin aikinsa, su ne suka auna wannan tafiya a bakin ayun kogin Amazon, suka wallafa sakamakon a 1984. Cikin dubban dabbobi masu shayarwa, biyu kacal aka sani da suke tarayya da ayu a wannan baiwa: wani ɗan ƙaramin kangaru mai zama cikin duwatsun arewacin Ostareliya, da wani ɓera mai haƙa rami a gabashin Afirka.

Ga wani lissafi da za a iya bai wa 'yan aji biyar. An yi wani ayu a Florida mai suna Snooty, an haife shi a watan Yulin 1948, ya mutu a Yulin 2017 yana da shekara 69, kuma har zuwa mutuwarsa ba a san ayun da ya kai shi daɗewa a hannun mutane ba. In muka ari ma'aunin milimita 1 a wata, wata 828 ke nan, wato kowane jeren haƙoransa ya yi tafiyar kusan santimita 83 a cikin bakin da jeren kansa bai kai tsawon tafin hannu ba. Allah mai iko!

Giwa ma turamenta daga baya suke tahowa, kuma ba banza ba: 'yan uwa ne. In ka bi asali, ayu ya fi kusa da giwar gandun Panjari da remar kan dutse fiye da yadda yake kusa da dorinar da suke kwana a ruwa ɗaya. Dubi ƙarshen hannayensa da yake iyo da su, za ka ga farata uku ko huɗu, faffaɗa, irin na ƙafar giwa. Amma ita giwa an ƙayyade mata: turmi shida a kowane jere duk tsawon rayuwarta. In na shida ya cinye, tsohuwar giwa ba ta iya tauna, sai rama, sai mutuwa. Ɗan uwanta na ruwa ba a yi masa wannan iyaka ba.

Me ya sa yake buƙatar haƙora haka? Abincinsa ne. Ayu kiwo yake yi wuni da dare, ciyawar bakin ruwa, kainuwa, ganyen da ya sunkuyo kan ruwa, har ya ci abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin ɗari na nauyinsa a rana, shi da kan wuce kilo 300. Ciyawa tana da wani sinadari mai kaushi irin na yashi a jikin ganyenta, shi ne ke yanka yatsa in ka fizge ta da ganganci. Ga kuma yashin gaske da laka da ke biyo saiwa duk lokacin da ya tumɓuko ta daga ƙasan ruwa. Leɓensa na sama a tsage yake gida biyu, kowane ɓangare na motsi da kansa, ga gashi mai tauri da yake cafko ganye da shi ya tura ciki, turame su yi ta niƙa ciyawa haɗe da yashi. Haƙorin da ba a sauyawa ba zai kai ko'ina ba a irin wannan aiki.

Shi kuwa yashin daga ina? Daga wajenmu. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin duk malamin da ke son koya wa yaran unguwar Banikanni da ke Paraku, a nan Benin, darasin mahaɗar kogi da teku, ya fara da bakin ayu. Yaron da ke da giɓi a baki ba sai an roƙe shi ya saurara ba. Yaranmu kuma suna nesa da teku da fiye da kilomita 300, yawancinsu ba su taɓa ganin igiyar ruwa ba, to in ka soma da zanen taswira a allo, barci za su yi. Amma ka tambaye su inda jan ruwan da ke gudu a kwatar ƙofar gida yake zuwa bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta. Ruwan Paraku, ko ya gangara gabas ya faɗa Okpara, kogin da garin ke sha daga madatsarsa, ko ya bi yamma, ƙarshensa dai kogin Weme ne, don Okpara ma cikin Weme take zubawa. Shi kuma Weme daga duwatsun Taneka yake tasowa, can wajen Jugu, ya yi tafiyar kilomita 500 da 'yan kai, ya baje a tafkin Nokuwe da ruwan Porto Novo kafin ya ga teku. Ƙasar da ruwa ya kwashe daga gonar doya a Borgu, can take zuwa ta kwanta. A kanta ciyawa ke tsirowa, ita ce kuma ke cinye turamen ayun da ke kiwo a kwarin Weme.

Akwai ɗan gwajin da ba ya cin ko sisi, wanda ya fi dogon bayani. A samo kwalba mai haske a zuba mata ruwa rabi, a narka gishiri a ciki, kamar gram 35 a lita in ana son ya yi daidai da na teku. A wani kofi kuma a jiƙa zoɓo a ruwan famfo har ya yi ja, a bari ya huce. Sai a karkata kwalbar, a riƙa tsiyaya zoɓon a hankali ta bayan cokali. Jan ruwan ba zai nutse ba. Zai kwanta a sama, farin ya tsaya a ƙasa, tsakaninsu wani siririn layi mai ruwan hoda yana rawa. Ruwan gishiri ya fi nauyi, shi ya sa. Yara za su matso har hancinsu ya taɓa kwalbar, kuma lalle sai an sami mai cewa, "Malam, a girgiza mu gani!" A bar shi ya girgiza. Abin da iska da kumburin teku ke yi ke nan a bakin kogi, kuma wannan gaurayen, wanda bai kai teku gishiri ba bai kuma zama ruwan sha ba, shi ne gidan renon ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa. A cikinsa itatuwan mangurob ke tsayawa bisa saiwoyinsu, a kansa mutanen Ganbiye suka kafa gari sukutum a bisa turaku.

Yawancin kifin kogi in ka sa shi a ruwan teku mutuwa zai yi, na teku ma haka in ya shigo kogi. Ayu kuwa ko a jikinsa. Ƙodarsa na iya daidaita gishirin, sai ya yi kiwo a bakin teku yau, in ruwa ya ƙaru ya kama hanya ya haura kogi. Ana samun irin namu na Afirka a ƙasashe 21, daga Senegal har Angola, kuma ya bi kogin Kwara ya wuce Yawuri, ya wuce Gaya da Malanbil, har cikin Mali, fiye da kilomita 2,000 daga teku. Akwai shi a Binuwai, akwai shi a tafkin Lere na Chadi. Shi ya sa Sarkawan Kabi suka san shi tun kaka da kakanni alhali ba su da teku. Dabba ɗaya ta haɗa mutumin Malanbil da mutumin Gran Popo na bakin teku.

Sauran halittarsa ma abin kallo ce, in taƙaita. Ƙashin wuyansa shida ne, alhali ɓera da raƙumin dawa da ni da kai duk bakwai ne, don haka ba ya waiwaye sai ya juyo da jiki duka. Numfashi yake yi da hanci, yakan leƙo bayan 'yan mintoci, in yana hutawa kuma ya kai minti 20 a ƙasa. Nonon uwar a hammata yake, ɗan ya kama ya bi ta gefe suna tafe. Kolumbus ya ga uku a kusa da tsibirin Hispaniola a watan Janairun 1493, ya ɗauka 'yan matan ruwa ne na tatsuniya, har ya yi ƙorafin ba su kai yadda ake zana su kyau ba.

Ni ban tashi sanin wannan dabba da kyau ba sai a tabarmar wani tsoho mai maganin gargajiya, a wata kasuwar ƙauye ta bakin kogi. Cikin tarkacen fatu da ƙahoni na hango wani muƙamuƙi, na ce, "Baba, wannan na wace dabba ce?" Ya ce, "Ɗauka ka ji, ɗana, na ayu ne." Nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa, don ƙashin ayu a cushe yake, haƙarƙarinsa ma ba ɓargo, shi ke taimaka masa ya nutse ba wahala. Na bi jeren da yatsa. Na gaba ya shafe sumul, ya yi baƙi, yana lilo a raminsa. Na tsakiya da sauran tudu. Can ƙurya kuma ga wani fari tas, da tsininsa, rabinsa bai gama fitowa daga ƙashi ba. Haƙori ne da aka tanadar wa ciyawar wata shekara mai zuwa, mashi ya riga shi. A gefen tabarmar ga 'yan kwalabe jere, man ayu, wanda ake rububinsa don mallaka da farin jini.

Wannan man da naman su ne ajalinsa, sai kuma tarun masunta da yake sarƙewa a ciki ya kasa leƙowa ya sha iska, da madatsun ruwa da ke datse masa hanya, irin ta Kainji da aka gama a 1968. Ga shi ba ya haihuwa da yawa: ciki na kusan shekara guda, ɗa ɗaya tal, sannan uwar ta yi shekaru kafin ta sake. Kashe uwa ɗaya ba ƙaramar ɓarna ba ce, kuma ban ga farin jinin da ya kai wannan tsada ba. An taɓa yin wani babban ɗan uwansa a tekun Bering mai sanyi, tsawonsa ya kai mita 8, shi ko haƙori ɗaya ba shi da shi. Turawa sun fara ganinsa a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun cinye shi kakaf. Shekara 27. Abin alfahari ne cewa Benin na cikin ƙasashe uku, tare da Senegal da Saliyo, da suka kai buƙata taron yarjejeniyar CITES a Bankok a 2013, aka ɗaga ayun Afirka zuwa sahun dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Tun shekarar 2000 kuma kwarin Weme da tafkin Nokuwe suna cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

In hutu ya kai ku Kwatano da yara, a daure a tsaya da su a kan gadar da ke kusa da kasuwar Dantokpa. Ruwan da ke ƙarƙashinta hanya ce da Faransawa suka haƙa a 1885, ta haɗa tafkin Nokuwe da teku. A watan Satumba da Oktoba za su ga ruwa jajur yana tururuwa zuwa teku ɗauke da tsibiran kainuwa, ruwan daminarmu ne na arewa ya iso. In kuwa Maris ne, kogi ya ja baya, teku ce ke kutsowa cikin tafkin, gishiri ya kashe kainuwar, masu kamun jatan lande su fito da fitilunsu da dare. A sa su faɗi da bakinsu wane ruwa ne ke rinjaye a ranar, kuma ta ina suka gane.