Ceto Ba Gado Ba Ne, Ba a Kuma Sayensa da Kuɗi

Da zarar an kai amfanin gona gida, sai tarurrukan farkaswa su kankama a ikilisiyoyinmu, daga Kaduna zuwa Jos, daga Gombe har Maraɗi. A daren ƙarshe mai wa'azi yakan yi kira, mawaƙa su sassauta murya, jama'a su fito gaba a yi musu addu'a. Washegari kowa tambayarsa ɗaya: mutum nawa suka karɓi Yesu? Ba kasafai ake tambaya ko waɗanda suka fiton za su iya faɗa da bakinsu daga me aka cece su ba. Wannan giɓi ne ya sa ake samun mutum ya shekara ashirin yana zuwa sujada, amma duk mai sabon salo da ya shigo gari sai ya yi awon gaba da shi.

Koyarwar kanta ba ta da sarƙaƙiya. Ɗan Adam ya saɓa wa Mahaliccinsa, zunubi ya shiga tsakaninsu. Zunubin nan kuwa bai tsaya a sata da zina da maye ba, waɗanda muka fi son ambata domin na wasu ne. Hassada na ciki, da girman kai, da tauye mudu, da riƙe ɗan'uwa a zuci shekara da shekaru. Bangaskiyar Kirista ta ce Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncin wannan laifi sa'ad da aka gicciye shi a Urushalima zamanin gwamna Bilatus, ya kuma tashi daga matattu a rana ta uku. Kamar wanda bashi ya yi wa katutu ne, har ya daina bi ta ƙofar mai bin sa, sai wani ya je ya biya duka. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda an biya, ya fito daga ɓuya. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a kan haka a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, kuma jigon maganarsa shi ne kyauta ce daga alherin Allah, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba shi da bakin tinƙaho. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu, a Luka sura ta 23, bai samu zarafin yin azumi ko ba da baiko ko sau ɗaya ba. Ya amsa laifinsa, ya roƙa, aka karɓe shi.

Inda da yawanmu suka fi tuntuɓe shi ne zaton cewa abin na gado ne. Ya kamata mu tuna yadda bisharar ta iso mana. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa cikin ƙasa, kuma kafin ƙarshen 1894 biyu daga cikinsu sun mutu. Aikin da suka fara shi ne ya haifi ɗarikar ECWA a 1954. A Zariya Dokta Walter Miller ya zauna shekaru yana aikin fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Garkida an soma aikin bishara a 1923, daga nan ɗarikar EYN ta samo tushe. Kakanninmu da suka ba da gaskiya a wancan lokaci, a Wusasa ko a kan tsaunukan Filato, ba wanda ya haife su a ciki. Sun ji, sun auna, sun zaɓa, wasu har suka rasa gona da dangi a kan haka. Mu jikoki sai muka tarar da komai a shirye: ga majami'a, ga Littafin Waƙoƙi, ga sunan Bitrus ko Saratu an raɗa mana tun ranar suna. Wannan gata ne babba, a gode wa Allah. Amma bangaskiyar kaka ba za ta tsaya wa jika ba. Ɗan fasto ma sai ya tuba don kansa.

A nan wani zai ce, to ai an yi mini baftisma. Ɗarikoki sun bambanta a kan wannan. Katolika da Anglikan da Lutheran sukan yi wa jarirai baftisma, daga baya yaro ya girma ya shiga aji a tabbatar da shi. ECWA da Baftis sukan jira sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa, sannan a nitsar da shi a ruwa. Ba gardamar nan na zo yi ba. Abin lura shi ne babu ɗaya a cikinsu da ke koyar da cewa katin baftisma a aljihu ya ɗauke wa baligi tuba da bangaskiya. Ko tsohuwar jayayyar Katolika da mabiya Martin Luther a kan yadda ake barata a gaban Allah, a 1999 shugabanninsu sun sa hannu a wata takarda a Augsburg ta ƙasar Jamus, suka yarda tare cewa tushen abin alherin Allah ne, ba cancantar mutum ba.

Ita wannan jayayya kuwa a kan kuɗi ta taso. A 1517 Martin Luther ya yi tawaye ga masu sayar wa talakawa takardun sassaucin hukuncin zunubi. Tun kafinsa ma, a Ayyukan Manzanni sura ta 8, wani Siman mai sihiri a Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Yau cinikin ya dawo da sabuwar riga. Ana sayar da man shafewa a ƙananan kwalabe, da ruwan da aka ce an yi wa addu'a, da ƙyallaye. Ana cewa ka shuka iri na dubu kaza domin ƙofarka ta buɗe, har a nuna maka cewa talaucinka shaida ce ta raunin bangaskiyarka. Gwauruwa ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta kai, mai karɓa ya canja mota. Wannan zalunci ne, ko da da sunan wa aka yi shi. Baiko da ushiri godiya ce ta wanda aka riga aka yi wa alheri, da su ake riƙe ikilisiya da marayu. Ba farashin komai ba ne.

Mai cewa ceto shi ne arziki da zaman lafiya, sai ya je ya faɗa wa 'yan'uwanmu na Borno da Adamawa. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi. Masu bi suka watsu cikin duwatsu da sansanonin gudun hijira, tare da maƙwabtansu Musulmi da masifar ba ta ƙyale ba. Da yawa sun rasa gida da 'ya'ya, amma sun ci gaba da taruwa a gindin itace suna sujada. Wa zai ce waɗannan ba su san Mai Ceto ba? Yesu bai ɓoye wa almajiransa cewa za su sha wuya ba. A Luka sura ta 14 ya ce mai niyyar bin sa ya zauna tukuna ya yi lissafin abin da zai ci masa.

Sai dai kada a ji an ce kyauta ce a miƙe ƙafa. Wasiƙar Yakubu ta yi wa masu wannan tunani wankin babban bargo, ta nuna cewa bangaskiyar da ba ta motsa hannu ba gawa ce. Labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya nuna yadda abin ke jeruwa. Yesu ne ya fara shiga gidansa tun yana cikin ƙaurin sunansa. Bayan haka ne mutumin ya miƙe ya ce zai raba rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Mayarwar ba ita ta sayo masa karɓuwa ba, karɓuwar ce ta haifi mayarwar. Don haka idan mutum ya ce ya sami sabon rai, matarsa ce za ta fara shaida, sai yaron shagonsa, sai wanda suke iyakar gona. Mai buga ganga ranar Lahadi ya hana lebura haƙƙinsa ranar Litinin, yana da sauran aiki.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan hanya, kada ya bari hayaniyar taro ta yanke masa shawara. Ya samu Bisharar Markus, ita ce mafi gajarta, sura 16 ce kawai, ya karanta a natse. Ya yi addu'a da harshen da yake magana da shi a gida, ya faɗa wa Allah laifinsa ba kwana-kwana. Ya nemi ikilisiya ta kusa da ke da dattawa sanannu, ya shiga ajin baftisma, ya yi ta tambaya har ya gamsu. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma jan kowa da alkawarin aiki ko aure ko kuɗin makaranta. Wanda aka jawo da shinkafa, ranar da buhu ya ƙare zai koma.

Ku kuma shugabanni da 'yan Zumuntar Mata da matasa, sabon mai bi amana ne. Ku daina ɗora hotonsa a Facebook kamar ganimar yaƙi, musamman wanda ya fito daga gidan da ba Kirista ba, domin kuna iya jefa shi cikin hatsari ku kuna barci a gidajenku. Ku koya masa girmama iyayensa fiye da dā, ya gaishe su, ya taimake su, kada ya zagi abin da suke bi. Umarnin girmama uwa da uba bai keɓe iyayen da ba su shiga majami'a ba.

Kai kuma ɗan'uwa da aka haifa a ciki, kai 'yar'uwa mai ɗaura zanen zumunta, kada ku jira wani taron. In akwai haƙƙin wani a hannunku, bashi ne ko gona ko kalmar da kuka ɓata masa suna da ita, ku je ku same shi ku gyara kafin Lahadi mai zuwa.