Malamin da ya yi firji da tukwane biyu: abin da ya kamata ku sani

Idan aka ce mai ƙirƙira, wato wanda ya fito da wata dabara ko na'ura mai sauƙaƙa wa mutane rayuwa, hankalin yawancinmu Turai da Amurka yake tafiya. To, muna da namu na gida. Sunansa Mohammed Bah Abba, kuma kayan aikinsa ba su wuce yumɓu da yashi da ruwa ba.

Wane ne shi?

An haife shi a 1964 a arewacin Nijeriya, a gidan masu ginin tukwane, don haka tun yana yaro ya san halin yumɓu. Da ya yi karatu sai ya kama koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse. Ya kuma yi aikin ba da shawara a ofishin shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya a jihar, aikin da ya riƙa kai shi ƙauyuka. Da albashin malami ya fara, babu ɗakin gwaji, babu kamfanin da ya tsaya masa.

Me ya gani a ƙauyukan?

Asara ya gani. Manomi ya sha wahalar lambu, ya tsinko tumatir da gauta da alayyafo, ga zafin bazara, ga babu wutar lantarki balle firji. Dole ya sayar a ranar ko da a wulaƙance ne, in ba haka ba kaya su ruɓe a hannunsa. Su wa ake ɗora wa tiren talla don a rabu da kayan da wuri? 'Yan mata ƙanana, waɗanda ya kamata a ce suna aji a wannan lokacin. A tsakiyar shekarun 1990 ya duƙufa neman mafita.

Yaya abin yake aiki?

Tukwanen ƙasa biyu ne, babba da ƙarama. A saka ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa. Kayan miya suna shiga ƙaramar, a rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke cikin yashin zai riƙa tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Zafin da yake kwasa kuwa na cikin ƙaramar tukunyar ne. Aikinku kawai ƙara ruwa, safe da yamma, kada yashin ya bushe.

A gwajin da ya yi, gautar da kan lalace cikin kwana 3 ta kai kwana 27. Alayyafon da ba ya kwana ya yi kwana 12, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku.

Ai randa ta daɗe tana sanyaya ruwa. Me ya ƙara?

Gaskiyarku. Kakanninmu sun san sanyin randa tun kafin a haife shi, kuma an san irin wannan hikima a Masar da Indiya tun zamanin da. A ganina, gudummawarsa ita ce ya ɗauki abin da kowa ya raina, ya gwada shi kan abinci na tsawon lokaci har ya tabbatar, sannan ya kai shi hannun masu bukata. Wannan kashi na ƙarshe shi ne mai wuya. Yawancin mutanen da yake son ya kai wa saƙon ba sa karatun boko, sai ya shirya fim da 'yan wasan Hausa, ya riƙa zagaya ƙauyuka da janareta yana haska shi a jikin farin ƙyalle da dare.

Nawa ya ci, kuma wa ya biya?

Shi ya biya. Daga aljihunsa ya ɗauki magina suka yi tukwane 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa. Ko da aka fara sayarwa, kuɗin tukwane biyun bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Sai a shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa aikinsa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta kai har Sudan, inda ake ce mata zeer. Allah ya yi masa rasuwa a 2010.

Dabarar za ta yi mana aiki a unguwannin Adjame da Treichville na Abijan?

Kada ku yi saurin sayen tukwane. Dabarar busasshiyar iska take so. Abijan kuwa a bakin teku take, ga tafkin Ebrie da Treichville ke gefensa, iskar garin a jiƙe take kusan duk shekara. Duk wanda ya taɓa shanya kaya a Adjame da damina ya san yadda suke wuni ba su bushe ba. Idan ruwa bai bushe daga jikin tukunya ba, sanyin da za ta ba da kaɗan ne, kuma laimar tana iya jawo fumfuna. Mai sayar da tumatir a kasuwar Gouro za ta ɗan ga bambanci ne kawai a 'yan kwanakin da iskar hunturu ta sauko.

Inda abin yake da auki shi ne arewa: Korhogo da Ferkessedougou da rani, da su Maraɗi, Katsina, Sakkwato da Kano. Idan kuna da 'yan'uwa masu noman lambu a can, ku kwatanta musu yadda ake haɗa shi. Ku ja musu kunne cewa sanyinsa bai kai na firji ba, kada su ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki.