Shukar Rufe Ƙasa Mai Duhun Ganye: Yadda Ake Renonta a Lambu

Gabatarwa

Ƙasar da aka bari tsirara a lambu ko harabar gida ba ta daɗewa da albarkarta. Da damina ruwan indararo yana kwashe ta, da rani kuma rana ta ƙona ta, iskar hunturu ta ɗebe abin da ya saura. Mutane da dama suna shuka ciyawar ado don magance wannan, amma ciyawar tana bukatar ban ruwa da aski a kai a kai, abin da ba kowane mai lambu ke iyawa ba. Akwai wata hanya mai sauƙi, wato shuka tsiro mai yaɗo wanda ke lulluɓe ƙasa, ya kuma rayu shekara da shekaru ba tare da an sake shuka shi ba. Wannan ƙasida ta yi bayani kan ɗaya daga cikin irin waɗannan tsirrai, mai suna Tradescantia pallida a kimiyyance, wadda masu sayar da furanni a bakin titi suka fi sani da Purple Heart.

Asalinta da kamanninta

Asalin wannan shuka gabashin ƙasar Meziko ne. Wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Joseph Nelson Rose, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1911 da sunan Setcreasea pallida, sannan a 1975 D. R. Hunt na lambun bincike na Kew a Ingila ya mayar da ita cikin jinsin Tradescantia. Danginsu ɗaya da balasa, ciyawar nan da manoma suka sani a gonaki da fadamu, don haka a nan za mu kira ta balasar ado.

Kararta da ganyenta duka launin shunayya ne mai duhu. Ganyen dogo ne mai tsini, mai kauri, da ɗan gashi mai laushi a jikinsa. Karan yana da gaɓoɓi, cike yake da ruwa, kuma yana karyewa da sauƙi. Tsayinta bai cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba, domin kara na yin tsawo sai ya kwanta, kuma gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima tana fitar da saiwa. Furenta ƙarami ne mai kunnuwa uku, ruwan hoda. Yana buɗewa da safe, ya yanƙwane kafin yamma, washegari wani ya fito.

Wurin da ya dace

Hasken rana ne ke ba ganyen duhunsa. Idan aka shuka ta inda take samun rana sosai, launin yakan fito tsaf, idan kuwa inuwa ta yi yawa sai ya koma kore-kore, karan ya zama siriri. A yankunan da zafi ke tsananta a watannin Maris da Afrilu, an fi son wurin da zai samu ranar safe da ɗan inuwa bayan azahar, don kada bakin ganyen ya ƙone.

Tana yi a kusan kowace irin ƙasa muddin ruwa ba ya kwanciya. Jigawa da ƙasa mai gauraye da yashi sun fi dacewa. A ƙasar laka, musamman a kudu inda ruwan sama ke da yawa, a ɗaga kunya ko fage kimanin santimita 15, a kuma gauraya yashi. Wuraren da ta fi amfani su ne gindin katanga, gefen hanyar shiga gida, gangaren da ruwa ke zaizaya, da kewayen bishiyoyin da suka riga suka girma. Ba a shuka ta inda mutane ke takawa, saboda ba ta jure tattaki.

Samar da dashe

Ba a bukatar iri, da kara ake yaɗa ta. A zaɓi kara lafiyayye a yanko santimita 10 zuwa 15 daga samansa, a yanka dab da ƙarƙashin gaɓa, a tabbatar akwai gaɓa biyu ko uku. A cire ganyen ƙasa, a bar biyu ko uku na sama. Daga nan a soka shi cikin ledar reno da aka cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, gaɓa ɗaya ko biyu su shige ƙasa. A ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu saiwa takan fito, bayan mako uku ko huɗu kuma ta isa dashe. Idan damina ta kankama ana iya soka karan kai tsaye a fage.

Shirin ƙasa da dashe

A fara da cire ciyawa tun daga saiwa, musamman ƙiri-ƙiri da jiji da tofa, domin idan suka tsiro a tsakiyar shukar fitar da su yana da wuya. A kafce ƙasa zurfin santimita 20, a zuba bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen takin gargajiya a kowace murabba'in mita, a gauraya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a guje shi.

A dasa da tazarar santimita 30 tsakanin tsiro da tsiro, haka ma tsakanin layi da layi. Wannan na nufin kimanin tsiro 11 a murabba'in mita, ko 110 a fili mai murabba'in mita 10. A kan gangare a jera layukan a gicciye, kada su bi hanyar ruwa. A kewayen bishiya a bar fili kamar rabin mita daga gindinta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta zauna: Afrilu zuwa Mayu a kudu, Yuni zuwa Yuli a arewa.

Kulawa

A makonnin farko a riƙa ban ruwa don ƙasar ta zauna da laima. Idan ta kafu tana jure fari, sai dai da rani a ba ta ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, gwargwadon zafi da irin ƙasar. Yawan ruwa ya fi ƙarancinsa illa, domin shi ke ruɓar da saiwa da gindin kara.

Ba ta son taki da yawa. Giram 20 zuwa 30 na NPK 15-15-15 a murabba'in mita, sau ɗaya a farkon damina, ya wadatar. Idan aka cika mata yuriya sai ta yi tsawon banza, duhun ganyen ya ragu. A riƙa tsinke kan kara don ta yi rassa ta cika wurin. Idan ta tsufa gindinta ya yi fayau, a datse ta zuwa santimita 10 a farkon damina, za ta sake tohowa. A ci gaba da cire ciyawa da hannu har ta rufe ƙasar.

Kwari ba su cika damunta ba. A wurare masu laima katantanwa tana huda ganyen, sai a tsince ta da yamma ko da asuba. Darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga sukan taru a kan sabon toho, kuma feshin ruwan sabulu ko na 'ya'yan dogon yaro yana maganinsu. A killace wurin saboda awaki da kaji.

Gargaɗi biyu

Na farko, ruwan jikinta yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi. A sa safar hannu lokacin yanka, a wanke hannu bayan an gama, a kuma hana yara wasa da ita.

Na biyu ya fi muhimmanci ga manomi. Kowa ya san halin balasa: a nome ta a bar ta a kan kunya, ruwa na sauka ta sake kamawa. Balasar ado ma haka take. Wata 'yar'uwarta daga Kudancin Amurka, Tradescantia fluminensis, an kai ta Niyuzilan don ado, amma ta tsere daga lambuna ta mamaye ƙasan dazuzzuka, tana hana 'ya'yan itatuwa tsirowa. Saboda haka kada a shuka balasar ado a gonar abinci ko fadama ko bakin rafi, kada kuma a zubar da yankakken kara a magudanar ruwa ko ramin taki. A shanya shi a kan siminti har ya bushe ƙayau, sannan a ƙona. Iyakar bulo ko dutse a gefen fagen tana taimakawa wajen tsare ta.

Kammalawa

Malaman gona za su iya gwada wannan shuka a ɗan fili a harabar ofis ko makaranta ko asibiti, inda jama'a za su gani da idonsu. Ga matasa da mata masu sana'ar renon tsirrai, fage ɗaya da aka kula da shi zai riƙa ba da karan dashe duk shekara ba tare da sayen iri ba. Abin da ake bukata shi ne rana, ƙasar da ba ta riƙe ruwa, da kiyaye inda ake zubar da abin da aka yanke.