Zaƙami da Zurma: Ku San Bambancinsu

A bayan gidajenmu akwai tsiro iri biyu masu 'ya'ya da ƙaya, watau zaƙami da zurma. Dukansu suna son juji da kango. Yara sukan tsinki 'ya'yan su yi wasa, wani lokaci har su fasa su tauna ƙwayar. Duka biyun dafi ne, amma aikin dafin ba ɗaya ba ne. Sau da yawa akan kawo mana yaro ɗakin shan magani, mu tambayi uban abin da ya ci, sai ya ce, "Wani abu ne mai ƙaya." Wannan amsa ba ta ishi mai magani ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Yadda za ku gane zaƙami

Zaƙami shi ne waɗansu ke kira haukata-yaro. Tsawonsa ba ya cika wuce ƙirjin mutum. Ganyensa ya yi kama da na gauta, in an murza yana da wari. Furensa dogo ne kamar kakaki, fari ko mai shuni-shuni. 'Ya'yansa ɗai-ɗai suke fitowa, kowane kamar lemun tsami, yana reto ƙasa. In an fasa, za a ga ƙwaya barkatai, fiye da 100, ƙanana masu faɗi kamar irin barkono.

Dafin zaƙami gaggawa gare shi. Kafin sa'a guda ko biyu bakin yaro ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, baƙin idonsa ya buɗe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Sai ya kama surutai, yana kai hannu ga abin da babu. Fitsari yakan ƙi fita. Nan ne mutane kan ce aljannu ne, su tsaya turare har lokaci ya ƙure.

Yadda za ku gane zurma

Zurma takan fi mutum tsawo. Ganyenta kamar tafin hannu ne a buɗe, mai yatsu 7 ko fiye. 'Ya'yanta a cure suke, tuli guda, suna duban sama, ƙayarsu kuwa taushi gare ta tun suna ɗanyu. Kowane ɗa ɗaki 3 gare shi, kowane ɗaki ƙwaya guda. Ƙwayar kamar wake take, mai sheƙi da zane-zane, sai ka ce kaska ta ƙoshi.

Dafin zurma mayaudari ne. Yaro zai tauna ya ci gaba da wasansa. Sai bayan sa'o'i, wani lokaci har a kwana, ciwon ciki ya taso da amai da zawo, ko da jini. Ruwan jiki ya ƙare, yaro ya galabaita. Ƙwaya kaɗan in an tauna ta isa ta kashe ƙaramin yaro. Kada man zurma na kanti ya ruɗe ku. Shi an tace shi, dafin yana can cikin tunkuzar.

Abin da za ku yi

1. Ku cire sauran abin da ke bakinsa, ku wanke masa baki da hannu.
2. Kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada ku ɗura masa manja ko nono ko jiƙo.
3. Ku kai shi asibiti nan da nan, ko da kun ga lafiya lau yake.
4. Ku tsinko ɗan itacen da ganyensa ku tafi da su, mai magani ya gani da idonsa.
5. In zaƙami ne, kada a ɗaure shi ko a buge shi. A shafe jikinsa da tsumma mai ruwa. In ya suma, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi kome ta baki.
6. In zurma ce, yana zawo amma yana cikin hankalinsa, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan a hanya.

Maigida, da damina ta faɗi ka zaga bayan gidanka. Duk inda ka ga zaƙami ka tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, ka binne, kada ka ƙone shi inda mutane za su shaƙi hayaƙin. Mai ajiye irin zurma ya rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Uwargida, ki nuna wa yara su biyun, ki gaya musu sunansu.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.