Tsohuwar Motar Alfarma: Wacce Za Ka Iya Riƙewa?

A wuraren sayar da motoci na Kano, Kaduna ko Abuja akwai abin da kan ɗaure wa sabon mai saye kai. Zai ga Marsandi S-Class ƙirar 2003, doguwa, da kujerun fata da adon katako a ciki, an yi mata kuɗi kusan ɗaya da wata Corolla da ke gefenta, alhali lokacin da suke sababbi kuɗin Marsandin zai sayi Corolla huɗu ko biyar. Dillali zai ce maka rabonka ne ya tsaga. Gaskiyar ita ce kasuwa ta riga ta gama lissafinta, ta cire kuɗin gyaran da ke jiran mai saye daga farashin motar.

Darajar mota tana faɗuwa kowace shekara, amma kuɗin kayan gyaranta ba ya bin ta ƙasa. Famfon da aka ƙera wa motar dala dubu saba'in yana nan a matsayin famfon motar dala dubu saba'in, ko da ita motar ta koma ta dala dubu uku. Ga shi kuma kamfanoni a kan manyan motocinsu suke fara gwada kowace sabuwar fasaha, ƙafar iska, birkin lantarki, kujerar da ke tausa, ƙofar da ke ja da kanta ta rufe. Kowanne daga cikinsu yana da ƙaramin injin lantarki da waya da na'urar da ke sarrafa shi, kuma bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sukan fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi ita ce: da wace mota wannan take raba kayan ciki? Motar alfarma mai sauƙin riƙo ita ce wadda injinta da giyarta da ƙafarta suke cikin wasu motoci dubbai da ke yawo a garinku, ta yadda duk abin da ya lalace za a same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo kafin azahar.

A kan wannan ma'auni babu wadda ta kama ƙafar Lexus ES. Toyota ce ta kafa Lexus a 1989 domin kasuwar Amurka, kuma tun farko an gina ES ne a kan ginshiƙin Camry. ES 330 ta 2004 zuwa 2006 tana da inji mai silinda shida, lita 3.3, irin wanda ke cikin Sienna da Highlander da RX 330 na wancan lokaci. ES 350 da ta gaje ta daga 2007 zuwa 2012 tana ɗauke da injin da ake kira 2GR-FE, lita 3.5, kuma shi ne a cikin Avalon, Camry mai silinda shida, Venza, Sienna, Highlander da RX 350. Wannan jerin sunaye shi ne dukan sirrin. Bakaniken da ya shekara yana kwance Camry ba baƙo ba ne a gaban ES, kuma mai shagon kayan gyara ba zai ce maka sai an aiko daga Legas ba.

Ba wai ba ta da laifi ba. ES 330 da bel take juya sandunan bawul, kuma kamfanin ya ce a canza shi duk bayan mil 90,000, wato kimanin kilomita 145,000. Mai sayen tsohuwa ya ɗauka kawai ba a taɓa canzawa ba, ya canza shi tare da famfon ruwa tun a makon farko. ES 350 sarƙa gare ta, an huta da wannan, amma na farkon fitowa suna da wani tiyon roba da ke kai baƙin mai saman inji, wanda kan fashe ya zubar da man cikin 'yan mintoci. Toyota ta yi kiran gyara a kansa, daga baya aka koma na ƙarfe zalla. Leƙawa ɗaya ta ishi bakanike ya gane wanne ne a jikin motar. Dashbod ɗinsu kuma yana narkewa ya yi danƙo a ƙasashe masu zafi, kuma ranar Sakkwato ko Maiduguri ba ta yi masa da sauƙi. Ita kuwa ES 300 ta ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 an san injinta da tara daskararren mai idan ana jinkirin juye, har sai da magana ta kai kotu a Amurka. A buɗe murfin zuba mai a haska ciki kafin a fara ciniki.

Wanda bai damu da tambari ba ya dubi Toyota Avalon ta 2005 zuwa 2012. Inji ɗaya ne da ES 350, kujerar baya ta fi faɗi, sau da yawa kuma kuɗinta bai kai na Lexus ba. Abin da ya rage mata shi ne ba a juyowa a kalle ta a wurin ɗaurin aure, kuma na san ga wasu masu saye wannan shi ne rabin dalilin sayen.

LS 430 ta 2001 zuwa 2006 wani mataki ne daban. Ita ce babbar motar Lexus, magajiyar LS 400 da ta girgiza Jamusawa a 1989, kuma injinta mai silinda takwas yana cikin mafi juriya da aka taɓa sa wa motar alfarma. Sai dai ba ta raba kaya da Camry, don haka fitila ko madubi ko na'urar ƙofa sai an nema. Wasunsu suna da ƙafar iska, a guje su a nemi mai sifirin ƙarfe. Ga kuma shan mai. Bisa awon hukumomin Amurka tana shan kusan lita 15 a kilomita 100 cikin gari tun tana sabuwa, ES 350 kimanin lita 12, Corolla kuwa wajen lita 9. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan bambanci abin dariya ne. Bayan da lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, silinda takwas ta zama hukunci da mutum ke yanke wa aljihunsa kowace safiya.

Yanzu ga Marsandi, domin a ƙasar Hausa da yawa idan an ce motar manya ita ake nufi, kuma ba banza ba. Sunan da ta yi ta same shi ne daga motoci irin su W123 da W124, wadda ake kira V-boot, da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990, lokacin da injiniyoyin kamfanin suka fi akantocinsa ƙarfin murya. Har yau ana ganinsu suna aiki a Yamai da Maraɗi da Kano. Kuskuren mai saye shi ne ya ɗauka duk motar da ke da tauraron nan a goshi ta gaji wannan juriya. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya shiga wani zamani na rage kuɗin ƙira da cusa lantarki, kuma motocin wannan zamanin su ne yanzu suka cika kasuwar na hannu da araha mai ruɗi.

A ɗauki E-Class ta W211, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009. Waɗanda suka fito kafin gyaran fuskar 2006 suna da birkin da ake kira SBC, inda taka birki ke aika saƙo ga kwamfuta, ita kuma ta umarci wani famfon lantarki ya matse tayoyi. Famfon yana ƙirga yawan takun da aka yi, idan ya kai iyakarsa sai gargaɗi ya fito, kuma maganin gaskiya shi ne sabon famfo mai tsada. Kamfanin ya yi kiran gyara a kansa a 2004 da 2005, motoci sama da miliyan guda, daga ƙarshe ya cire shi daga E-Class gaba ɗaya a 2006. A garejinmu abin da aka fi yi shi ne a sa kwamfuta a goge lissafin, gargaɗin ya ɓace, tsohon famfon yana nan yadda yake. Birki ba wurin wannan dabara ba ne. Sannan injin E350 na farkon fitowa, wajajen 2005 zuwa 2007, yana da wani ɗan haƙorin ƙarfe a ciki da ke cinyewa da wuri, kuma kafin a kai gare shi sai an sauke injin ƙasa. Ita kuwa S-Class ta W220 da muka fara da ita, ƙafar iska ce ƙarƙashinta, jakunkunan roba da famfo ke hurawa. Roba tana tsagewa da tsufa da zafi da ƙura, famfon ya yi ta aiki har ya ƙone, wata safiya a tarar da motar ta durƙusa kamar raƙumi a ƙofar gida.

Duk da haka akwai Marsandin da mai matsakaicin hali zai iya riƙewa. E320 mai tsohon inji M112 da giya biyar tana da ƙashi mai kyau idan aka yi haƙuri da maganar birkin. E350 ta 2008 ko 2009 ta tsallake manyan matsalolin biyu. W212 da ta fito a 2009 ta fi su duka kwanciyar hankali, muddin mai sifirin ƙarfe ce. Sharaɗin shi ne a sami bakaniken Marsandi na gaske mai na'urar binciken da ta dace da ita, a kuma yarda cewa kuɗin shekara zai fi na Lexus ko da babu abin da ya lalace.

BMW 7 Series ta 2002 zuwa 2008 da manyan Audi da Jaguar da makamantansu ba sai an tsawaita ba. Daɗin tuƙi kam akwai, amma injin BMW mai silinda takwas na wancan zamani an san shi da yoyon mai da ruwa a wuraren da ke buƙatar kwance rabin inji, wasu injunan Audi kuma sarƙarsu tana baya, jikin giya. Motocin mai mota biyu ne.

Wuri ma yana canza amsa. A Amurka idan aka yi wannan tambaya da yawa za su ce Lincoln Town Car, wadda aka daina yi a 2011, saboda tana raba inji da Ford Crown Victoria ta 'yan sanda da 'yan tasi, kayanta kuma suna ko'ina da araha. A Gusau wannan shawara ba ta da amfani, domin gilashin gaba kaɗai zai iya ajiye motar wata guda. Akasin haka ne ya faru da Peugeot. Saboda masana'antar harhaɗa ta da aka buɗe a Kaduna a 1975, an yi zamanin da 504 da 505, daga baya 406, suka fi kowace mota sauƙin gyara a Arewa, alhali a Amurka kamfanin tattara kayansa ya yi ya bar kasuwar a farkon shekarun 1990. Shawarar da aka karanto daga wata ƙasa sai an auna ta da shagunan unguwa.

Bayan an zaɓi ƙira, sauran aikin yana kan ita wannan motar da ke gabanka, kuma nan ne aka fi yin asara. Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora suke, irin su Copart da IAA, wato motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci su. Guguwar Katrina a 2005 da Sandy a 2012 da Harvey a 2017 kowacce ta nutsar da motoci dubbai, kuma wasunsu sun ƙetaro teku. Wadda ta yi karo ana iya gyara ta a hau lafiya idan ginshiƙinta bai lanƙwashe ba. Wadda ruwa ya ci kuwa tsatsa tana cin wayoyinta a hankali, kuma motar alfarma waya ce tun daga goshi har wutsiya. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana jikin gilashin gaba da bakin ƙofar direba. Da ita ana iya sayen tarihin motar a intanet, sau da yawa har da hotunanta na ranar gwanjo, da mil ɗin da ta ci kafin a juya mata mita. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa ko busasshen laka.

A je gani da sassafe, inji yana da sanyi, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi a lokacin suke tona kansu. A kunna makulli a tabbatar fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, don akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi. A sa mata kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona na'urar, kuma kuɗin binciken bai kai na cika tanki ba. A hau ta a titi har giya ta shiga ta ƙarshe, da esi a kunne. A duba salansa ko an fasa an kwashe abin tace hayaƙin da ake kira indomi. Bakaniken da zai raka ka ya zama naka, wanda ba ya cikin la'ada. Takardun kwastam kuma a tantance su, musamman tunda a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu a bar ta ko nawa aka rage.

Abu na ƙarshe da ke kashe waɗannan motoci hannunmu ne. Bakanike ya cire na'urar daidaita zafin inji wai don ƙasarmu da zafi, ya haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan rijiya a lagireto, a ɗura baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta wa 5W-30 a kan murfinsa, a zuba duk man giyar da aka samu. Tsohuwar 504 tana yafe irin wannan, injin zamani mai ƙananan hanyoyin mai ba ya yafewa. Rabin sunan tsadar gyara da wasu motoci suka yi daga nan ya samo asali.

Idan mota ɗaya za ka ajiye kuma da albashi kake riƙe ta, nemi ES 350 ko Avalon mai tsabtataccen tarihi. Idan zuciyarka ta kafe a kan Marsandi, W212 ko E350 ta 2008 zuwa 2009 mai sifirin ƙarfe, bayan ka sami bakanikenta tukuna. Kowacce ka zaɓa, kada ka ƙarar da kuɗinka wurin dillali. Ka rage abin da zai ishe ka taya huɗu, batir, juyen mai na inji da na giya, da gyaran ƙafa, domin a watannin farko za ta nemi mafi yawansu.