Wa Ya Ƙirga Ƙabilun Zangon Kataf?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko aka taso da batun sarauta da gonaki a kudancin Kaduna, sai alƙaluma su fara yawo a WhatsApp: wai ƙabila kaza ita ce kashi kaza cikin ɗari na ƙaramar hukumar Zangon Kataf, wai ƙidayar gwamnati ce ta tabbatar. Wace ƙidayar?

Ta 2006, wadda ta ce 'yan Najeriya sun kai miliyan 140, ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Haka ma ta 1991. An cire tambayoyin da gangan, don gudun rigima. Ta 1973 kuwa gwamnatin Murtala ta soke ta. Sai ka koma har 1963 kafin ka sami ƙidayar da aka amince da ita mai ɗauke da ƙabila, lokacin yankin yana gunduma ƙarƙashin En'e ta Zazzau, ko jihar Kaduna ba a ƙirƙiro ba.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne akwai Atyap, da Bajju, da Ikulu, da Kamantan, da Hausawan garin Zango, da Fulani makiyaya. Yawan kowannensu fa? Babu takardar hukuma da ta faɗa. Wani ma kasuwar Zonkwa yake shiga, ya ji kowa na ciniki da Hausa, ya yanke hukunci, alhali mai sayar masa da citta in ta koma gida wani harshe take yi da 'ya'yanta.

Jimillar mutanen ma ta yau hasashe ce. Adadin 2006 ake ɗauka, a ɗora masa kusan kashi 3 cikin ɗari kowace shekara, kamar telan da ya auna yaro yana goye, ya ci gaba da ɗinka masa riga bai sake ganinsa ba. Lissafin bai san wanda rikici ya kora daga ƙauyensa ba, bai san samarin da suka tafi Abuja neman aiki ba. Da shi kuma ake tsara allurar rigakafi da ajujuwan firamare. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki, bayan an kashe maƙudan kuɗi.

Yankin da ya ga abin da ya gani a rikicin 1992 bai kamata a riƙa yi masa wasa da alƙaluma ba. Wanda ya turo maka kason ƙabila, tambaye shi shekarar da aka ƙirga, da hukumar da ta ƙirga, kafin ka tura gaba.